Aljanin da Ya Hana Wankan Jego

Kwana goma sha biyu da Nafissa ta haihu, gab da magariba a unguwar Yantala, Inna, uwar mijinta, ta sauke tukunyar wankan jego tana tafasa. Ta tsoma ganyen dogon yaro, ta shauɗa mata a baya. A shauɗa ta uku Nafissa ta dafe kai, ta ƙwalla ƙarar da ta danne muryar ladan.

"Inna, kaina! Kamar an sara da gatari!"

"A kanki aka fara haihuwa? Juyo."

Washegari haka, wanshekare haka. Da ruwan zafi ya taɓa ta sai ciwon ya faɗo gaba ɗaya, ba sallama. Ta roƙi a bar wankan, Inna ta ce raki ne. Marta, maƙwabciyarsu ma'aikaciyar jinya da suke kira Tanti, ta ce wa mijin, Lawali tela, ya kai ta asibiti yau-yau. Gogan naka ya kalli uwarsa, ya koma kan kekensa.

Gidan ya yi nauyi. Da rana ta faɗi, Inna takan ji jifa a kan rufin kwano. A rana ta tara hannun hagun Nafissa ya saki jaririn a kan katifa, bakinta ya karkace. Sai a nan aka yarda akwai wani abu. Aka ce aljani ne.

Aka ɗauko Malam Mumuni daga Tondibia. Ya yi turare, ya ja karatu a hankali har duhu ya fara cin tsakar gida. Nafissa ta ɗago. Muryar da ta fito mai kauri ce, kamar daga cikin rijiya.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai makewayin nan. Kwana tara kuna ƙona ni da ruwan zafi."

Inna ta ce, "A yanka maka baƙin bunsuru?"

"Riƙe bunsurunki, tsohuwa. A kashe wutar nan. A sa matar nan a taksi yanzu, a kai ta wurin likita. In ba haka ba, kan ɗanki zan koma."

Malam ya sa shi ya rantse zai fita. Ya rantse, Nafissa ta yi atishawa, ta kwanta. Inna da kanta ta kifar da tukunyar. Lawali ya fita neman taksi ko takalmi babu.

Bayan an ɗauki hoton kanta, likita ya ce jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ne suka tsuke. Ciwon yakan sami mai jego, ruwan zafi kuma na tayar da shi. Jijiyoyin za su buɗe cikin wata uku. Da aka tambaye shi hannun fa, sai ya ce an makara.

Marta ce ta riƙe mata jaririn yana shan nono. Ta sunkuyo.

"Nafi, aljanin nan naki ya san likita."

"Tanti, rufa mini asiri." Ta kalli hannun da ke yashe a kan zani. "Da na san shi kaɗai suke ji, tun ranar farko zan kira shi."