Shafin da Aka Goge Sunanta

Shugaba ɓarawo ne, kuma ba zan sassauta kalmar ba. Bai taɓa haura katangar kowa ba, bai zare wa kowa waya daga aljihu ba. Gumin yarinyar da ke sonsa ya sace, yana sata yana kiranta zinariyarsa.

A ɗakin kwamfuta na jami'a Auta ta tare shi da tsakar rana.

"Ina sunana?"

"Wane suna kuma, zinariyata?"

"Ka ajiye zinariyar nan a gefe! Na buɗe kundin ayyukanka na intanet, na ga shafinmu. An rubuta kai ka tsara, 'Yar Gayu ta taimaka. Ni fa?"

Ya yi murmushin nan nasa mai kashe mata jiki, ya jawo kujera ya zauna dab da ita.

"Haba, rabin raina... Kin san kawun 'Yar Gayu ne mai kamfanin da zai zo bajekolin ɗalibai. Idan na samu shiga, wa ya samu? Abin da ke aljihun miji ai na matarsa ne."

"Ka aure ni ne?"

"Saura ƙiris..."

"To a ƙiris ɗin nan, ina sunana?"

Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙe, ya ce mata zai dawo yanzu-yanzu.

Bai dawo ba.

Su uku malamar kwas ta haɗa a farkon zango, ta ce su gina shafin intanet na wani lambun sayar da dashen itatuwa. Aikin shi ne makinsu, kuma shi kowa zai sa a kundin ayyukansa ya nuna wa masu ɗaukar aiki. Shi yana da baki, don haka aka ba shi shugabanci, sunan ya bi shi. 'Yar Gayu tana da mota da turare. Auta kuwa hannu ne da ita.

Duk ranar taro sai su biyun su shigo, su ɗauki hoto a bayan kujerarta, su ce mata sannu da ƙoƙari, su fice. Ta rage ita da kukan fanka da kujerun da ba kowa. Ita ta zana ganyayen nan ɗaya bayan ɗaya. Ita ta yi ta sauya launin kore har ya daina kama da fentin bango ya koma kama da ganye bayan ruwa. Ita ta yi ta gwada shafin a tsohuwar wayar mamarta don kada ya gagari mai ƙaramar waya. Wani yinin, in ban da mai shara, ba wanda ke ce mata uffan.

Da yake ba su da inda za su tara hotuna da kayan adon shafin, sai ta buɗe folda a ma'ajiyarta ta intanet, ta raɗa mata suna *namu*. Tana rubutawa tana murmushi, don ba mutum uku take nufi ba. Biyu take nufi.

A gida, yayanta ya daɗe da yanke wa Shugaba hukunci.

"Auta, yaron nan ganga ne. Ƙara ce da shi, cikinsa wayam."

"Yaya, ba ka san shi ba ne..."

"Na san shi mana. Ya zauna a falon nan ya cika mu da zance har shayinsa ya huce, bai tambayi jikin Mama ba. Muddin ina da ta cewa a gidan nan, ba za a ba shi ke ba."

Mama dai kallonta kawai take da tausayi. Kallon ya fi faɗan Yaya ciwo.

Kashegarin ranar da ta tare shi, ta yi kiciɓis da 'Yar Gayu a kan bene.

"Ah, ƙawata! An ce kin yi fushi?"

Auta ta kawar da kai.

"Kada ki ga laifinsa, ni na ce ya cire. Kawu ba ya son cunkoson sunaye. Ke fa kin iya aiki, ba a musu, amma in an tsayar da ke gaban mutane sai ki yi ta in-ina. Allah ya raba wa kowa nasa, ko ba haka ba?"

Ta wuce, ta bar ƙamshinta a benen.

Auta tana iya zuwa wurin malama. Har ta je bakin ofishin, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai ta sauke. Ta san in ta faɗa, kayar da shi za a yi. So mugun ciwo ne, 'yan mata. Yana sa wadda aka yanka ta riƙa lallashin wuƙar.

Ranar bajekoli aka cika babban zauren da tebura. Teburin Shugaba yana tsakiya, gaban babban allo. Na Auta yana lungu kusa da ƙofa, inda iska ke kaɗa takardu. Ba wanda ya rako ta. Ta zauna tana gyara nata kundin, wanda ba ta sa ran kowa zai leƙa ba, sai idonta ya faɗa kan foldar.

*Namu.*

Ta daɗe tana kallon kalmar. Daga nesa tana jiyo dariyarsa, tana hango hannun 'Yar Gayu yana gyara masa wuyan riga.

Hawaye ya ɗigo mata a kan madannan laftof. Ta goge sunan, ta rubuta *nawa*. Ta bi shafin da ke kundinta ta gyara shi ya riƙa ɗauko hotuna daga sabon sunan, komai ya zauna daidai. Ba ramuwa ta nufa ba. A zatonta Shugaba ya riga ya kwashi komai ya kai nasa wurin, kamar yadda duk wanda ya taɓa gina shafi zai yi.

Ashe bai kwasa ba. Ƙashin shafin kawai ya ɗauka. Hotuna da launi da salon rubutu duk daga foldarta suke zuwa, kamar mai jan wuta daga gidan maƙwabci. Shi kansa bai sani ba, don bai taɓa buɗe cikin aikin ya duba ba.

Kawun 'Yar Gayu ya iso da mutanensa, malama na biye da su. Shugaba ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, wannan aikin na zuba masa raina. Kowane ganye da za ku gani, da hannuna..."

Ya danna.

Allon ya fito fari fat. Ba ganye, ba kore, sai baƙin rubutu a zube da akwatuna wayam inda hotuna suke a da.

"Intanet ce! Intanet ce take wasa!"

Ya sake dannawa. Ya sake. Wani ɗalibi daga baya ya ce, "Shugaba, fari ya cinye lambun ne?" Zauren ya ɗauki dariya.

Malama ta karɓi kwamfutar, ta buɗe cikin shafin, ta ɗan duba, ta ga daga ma'ajiyar Auta hotunan suke zuwa. Sai ta ɗago kai tana neman wani a zauren. Shugaba ya bi idonta, ya gane. Kafin ta taka, ya riga ta isa lungun da gudu, ya durƙusa gefen teburin yana haki.

"Auta... hasken idona... me kika taɓa?"

"Sunan foldata na sauya."

"Ki mayar! Don Allah ki mayar yadda yake, na ɗan lokaci kawai! In sun tafi, wallahi sunanki zan sa a sama da nawa. Gobe-goben nan zan turo manya gidanku!"

Ta dube shi. Idonsa ya yi ja, gumi ya jiƙa rigar da aka gyara masa. Har yanzu zuciyarta na bugawa dominsa, wannan ita ce gaskiya mai ɗaci. Kalma ɗaya za ta rubuta ya tsira. Yatsunta har sun hau madannai.

"Wane launi na fara sa wa shafin, kafin na sauya?" ta tambaye shi a hankali. "Na nuna maka ranar, ka ce ya yi kyau."

Ya buɗe baki.

Karo na farko tun da ta san shi, ba abin da ya fito.

Ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

"Ba zan mayar ba."

"Auta! Haka za ki yi mini? Ina son da kike cewa kina yi mini?"

"Yana nan," ta ce. "Shi ma ni kaɗai na yi aikinsa."

Malama ta iso, ta juya laftof ɗin Auta. Ga lambun nan shar, kowane ganye a wurinsa. Ba ta yi dogon zance ba.

"Ke kika yi?"

"Ni ce, Malama."

"Ke kaɗai?"

Auta ta gyaɗa kai. 'Yar Gayu tuni ta koma bayan kawunta tana latsa waya, kamar ba ta taɓa ganin Shugaba ba a rayuwarta.

Ba a yi wa Auta tafi ba. Mutanen kamfanin sun tsaya a teburinta, sun yi tambaya, ta amsa da in-inarta, suka ce za su neme ta. Da aka tashi ta naɗe wayar cajinta, ta fito ita kaɗai kamar yadda ta shiga. A motar haya ta zauna jikin taga, ba ta da wanda za ta kira ta ba shi labari, don wanda ta saba kira shi ne labarin.

Yaya ne ya buɗe mata ƙofa. Ya ga idonta, ya buɗe baki zai ce ai na faɗa miki, sai ya haɗiye. Ya karɓi jakarta.

"Shigo, Auta. Mama ta ajiye miki abinci."

Ta yi kukanta a ɗaki, ta share, ta ci.

Shi kuwa Shugaba, kwamitin ladabtarwa ya zauna a kansa. Aka soke makinsa da na 'Yar Gayu, aka cire sunansa daga masu kammalawa, aka sa ya maimaita kwas ɗin shi kaɗai, ba abokin aiki. Kamfanin bai kira shi ba, 'Yar Gayu ta toshe lambarsa, Auta kuma ba ta sake ɗaga wayarsa ba.