Ɓeran Da Sambo Ya Saki

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka kawo gawar Abu ofishin 'yan sanda na Gwandu, a naɗe cikin tabarma. Mutanen Masama ne suka ɗauko ta, mahaifinsa Sambo na biye da su yana jan sanda. Suka ce ciwon ya fara masa da tangaɗi kamar mai maye, sai harshe ya karye, sai gani ya tafi. Ga kuma 'yar Abu, Ladi, wadda ko wankan kanta ba ta iya ba tukuna, ta soma irin tafiyar.

Sufeto Jibrin bai sha wahalar neman wanda ake zargi ba, don mutanen gari sun riga sun yi masa aikin. Zulai ce, mai tallar nono daga Wurogauri, wadda shanun mijinta suka taɓa shiga gonar Abu har aka yi cacar baki. Tuni 'yan doka suka tsare ta a Kalgo.

Can ya same ta zaune, goyonta na kuka. Ta rantse rabonta da Masama tun kaka. Da ya ce an gan ta ranar kasuwa da ƙwaryarta, sai ta sunkuyar da kai ta ce tsoro ne ya sa ta faɗi haka.

"Nonon da nib ba su, shi ɗiyana ka sha," in ji ta.

Sufeto ya yarda da ita a ransa. Amma alƙali ba ya karɓar abin da ke ran mutum.

A bayan asibitin Gwandu akwai wani ɗaki mai warin dusa, inda Malam Isa ke kiwon fararen ɓeraye da aka aiko daga Kaduna don gwajin magunguna da guba. Mutanen gari sun daɗe suna yi masa dariya, wai kowa na neman kashe ɓera, shi gwamnati ta ɗauke shi ya yi musu hidima. Sufeto ma yakan taya dariyar. Ranar kam da ladabi ya shiga, ɗauke da nonon Zulai, da ruwan rijiyar Masama, da garin gero daga gidan Sambo.

Malam Isa ya raba ɓerayen keji-keji, kowane da abin da za a riƙa ba shi. Sufeto ya tambaya ko gobe za a ji labari. Malam Isa ya ce wata gubar nan take takan kayar, wata kuwa taruwa take a jiki a hankali, ba yadda za a yi a gaggauta ta.

Sufeto ya hau kekensa ya nufi Masama. Ya gargaɗi Sambo da kada Ladi ta ƙara taɓa ko ɗaya cikin abubuwan ukun sai an ji sakamako. Sannan ya tambaye shi inda geron ya fito.

"Na bara ne, ranka shi daɗe. Cikin rumbuna yake."

Sufeto ya leƙa rumbun. Yanar gizo ce ta yi masa maraba. Sambo ya ce ai ragowar ce ya kwashe ya sa a tukunya.

Da ya sake dawowa, ruwa ya sauka, gonakin Masama sun yi kore, ta Sambo kaɗai ke nan fayau. Tsohon ya ce tsuntsaye ne suka tone shukar. Sufeto ya taka gonar daga wannan kunya zuwa waccan, bai ga ramin shuka ko ɗaya ba.

Malamin gona na Kalgo ya tabbatar masa cewa an ba Sambo iri kamar kowa, wanda aka cuɗa da jan magani don kada ƙwari su ci shi a ƙasa, an kuma yi shela cewa ba na ci ba ne. Sufeto ya tuna wata ƙwarya da ya gani a bayan ɗakin tsohon, cikinta ya rine ja-ja. 

Daga nan ɗakin Malam Isa ya wuce. Ɓerayen nono da na ruwa suna ta tsalle-tsallensu. Na kejin gari kuwa suna jan ƙafafun baya, ɗaya na ta karo da ƙarfen kejin kamar ba ya gani.

"Akwai magani?"

"Babu, Sufeto. Ko a Kaduna babu. A dai daina ci, shi ke nan."

Sufeto bai san yadda ya kai Masama ba. Ya iske Sambo a gindin rumbu, Ladi a cinyarsa, yana ɗura mata kunu da ludayi. Sufeto ya fizge ludayin ya yar.

"Baba, wannan kunun na wane gero ne?"

Sambo ya kau da kai.

"Irin shuka ne. Ko ba shi ba ne?"

Sai tsohon ya buɗe baki. Ya ce bazara ta yi tsawo, rumbu ya ƙare, Ladi na kwana da kuka. Manomin da ya cinye irinsa kuwa ba ya sake ɗaga kai a gari, shi ya sa ya ɓoye, ko Abu bai sani ba. Ya wanke geron har ruwan ya fita fes.

"Kuma ban yi ganganci ba, ɗana. Sai da nig gwada. Ɓera nik kama da rai, nir ruhe shi da ƙwarya, nib ba shi geron. Yac ci, yak kwana, da sahe nib buɗe yaz zura da gudu. Lahiya lau. Shi as sa nis san ba geron na ba."

 Aikin Malam Isa ne sak tsohon ya yi, haƙurin jira kawai ya rasa. A hankali Sufeto ya gaya masa abin da ya gani a kejin.

"To nau ɓeran fa?"

"Ya je ya mutu a raminsa, Baba. Ba ka gani ba ne kawai."

Sambo ya dubi ƙwaryar kunun, ya dubi jikarsa. Bai yi kuka ba. Ya ce a saki matar Wurogauri, ba ta da alhakin kowa, shi ya kashe ɗansa.

Sufeto ya aika kofur Kalgo da umarnin sakin Zulai. Ankwar da ke aljihunsa kuwa ya kasa fito da ita. Ya kama hannun tsohon ya tashe shi, wata maƙwabciya ta karɓi yarinyar.

A bakin zaure Sambo ya tsaya ya waiwaya.

"Ladi, na tahi."

Yarinyar ta ji muryar kakanta, ta miƙa hannu tana lalube. Wajen rumbu ta miƙa shi, inda ba kowa.