Sharhin Jan Biro

Ranar Asabar ce da la'asar. An jera kujerun roba a gindin mangwaro, a harabar wata firamare da ke Narayi, inda ƙungiyar marubuta ta saba haɗuwa. Sylvester ya iso a makare, ya tarar kujera ɗaya ce ta rage, kusa da wata budurwa mai tabarau da ke ɓare gyaɗa a kan cinyarta.

"Sannu. Da mutum a nan?"

"Yanzu dai an samu," ta ce, ta janye jakarta. Ko kallonsa ba ta yi sosai ba, ta zuba masa gyaɗa a tafin hannu kamar sun daɗe da sanin juna.

Shi kuwa sai da ya kalle ta sau uku kafin ya iya sa ƙwaya ɗaya a baki.

Shekarar ta zo wa marubutan kudancin Kaduna da albarka. Littattafai bakwai suka fito tsakanin Janairu da Yuni. Ga kuma wata likita 'yar Kakuri da ke zaune a Ostireliya ta sa gasa: wanda littafinsa ya zo na ɗaya zai je can ya yi mako biyu tare da marubutan ƙasar, lokacin da suke bikin sababbin littattafansu da rabon kyaututtuka na shekara. Kowa sai zancen yake yi.

Sylvester malamin adabi ne a wata sakandare a Sabon Tasha. Shekara huɗu ke nan yana fama da nasa littafin, ya ƙi ƙarewa. Ganin na wasu suna fitowa ya tsaya masa a maƙogwaro, sai ya buɗe shafi a Fesbuk da sunan Jan Biro, yana bin littattafan ɗaya bayan ɗaya yana yi musu kaca-kaca. Wanda ya fi shan duka shi ne Zaren Mama, na wani wai shi H. I. Gyang.

Khadija, shugabar ƙungiyar, wadda take zuwa tun daga Tudun Wada, kuma nata littafin ma yana cikin bakwai ɗin, ta tafa hannu.

"Yau marubuciyar Zaren Mama ce za ta karanta mana. Hadassah, bismillah."

Budurwar da ke kusa da shi ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga siket ɗinta ta miƙe.

Sylvester ya ji kamar an kwara masa ruwan zafi a ƙeya. Shi duk a zatonsa wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne.

"Kafin in fara," in ji Hadassah, "wani mai suna Jan Biro ya ce littafina ya fi dacewa da ƙunshe ƙosai. Ya ce uwar da ke ciki ƙirƙira ce, babu uwa irin wannan a duniya." Ta gyara tabarau. "Uwata ce, sunanta Lydia. Shekara goma sha tara ta yi tana aiki a masaƙa a Kakuri har aka rufe. Bara ta rasu. Shi ke nan, bari in karanta."

Ta karanta yadda uwar take dawowa gida da farin auduga a gashinta, yara suna tsokanarta wai ta tsufa a wuni ɗaya. Sylvester bai taɓa ganin wannan shafin ba. Shafi goma sha biyu kawai ya karanta kafin ya rubuta sharhinsa.

Da ta dawo ta zauna, ta juyo gare shi. "Ya ka ji?"

"Ya yi kyau," ya ce, da ƙyar.

"Ka faɗi gaskiya fa. Na saba yanzu."

"Wallahi ya yi kyau."

Washegari bayan an tashi coci ya zauna da littafin, bai tashi ba sai da ya kai bango. Sau biyu yana fita waje ya wanke fuska. Ya goge sharhin daga shafin, amma ya san mutane sun riga sun ɗauki hotonsa sun yaɗa. Sai ya nemi lambarta a zauren ƙungiya.

"Barka da yamma. Sylvester ne, wanda ya cinye miki gyaɗa jiya. Na gama littafinki. Babi na tara ya hana ni cin abinci."

Ba a jima ba amsa ta shigo.

"Sorry o, Malam. Je ka ci abinci, kar a ce ni na kashe wa yara malaminsu."

Daga nan hira ta ƙulle. Yakan raka ta tashar keke bayan taro, sai su bar keke uku su wuce suna magana. Ta ce masa Malam, daga baya ya koma Malamina. Shi kuma ya yanke sunanta ya mai da shi Dassa, ta ce ko babanta bai taɓa yi mata wannan ƙarfin halin ba.

"Dassa, yau ina koyar da waƙa na kira wata ɗaliba da sunanki. Aji ya yi ta dariya."

"Allah ya ƙara. Malamina, ka sha maganin murar nan kuwa? Kar ka yi min ƙarya, ina ganewa."

Wannan kalma ta ƙarshe ta daɗe tana ci masa rai. Sau nawa ya rubuta mata gaskiya a waya ya goge. Ran nan a bakin titin Narayi har ya ce, "Dassa, akwai abin da nake so in faɗa miki," ta ɗago kai tana murmushi, sai ya ji kansa yana cewa, "Wannan ɗankwalin ya yi miki kyau."

A watan Satumba ta kai shi gida Kamazou ya gai da mahaifinta. Baba Isaac tsohon hedimasta ne, mutumin Filato, idanunsa sun fara yin hazo. Ya karɓe shi hannu biyu, aka kawo gwaten acca, aka yi ta hirar makaranta. Can sai tsohon ya laluba cikin Littafi Mai Tsarki da ke gefensa ya zaro wata takarda a ninke.

"Malam, kai da kake harkar adabi, ka san wannan Jan Biron?"

Cokali ya tsaya a hannun Sylvester.

"Na sa aka buga min abin da ya rubuta. Ba don 'yata ba, ita yarinya ce, za ta rubuta wani. Matata ya ce ba a taɓa yi ba. Shekara talatin da ɗaya muna tare." Ya mayar da takardar. "Kullum ina roƙon Ubangiji ya ba ni zuciyar yafe masa. Har yau bai ba ni ba."

"Allah ya huci zuciyarka, Baba," in ji Sylvester. Bai san yadda ya ƙarasa gwaten ba.

Akwai wani kuma da ya daɗe yana son Hadassah. Tochukwu ne, mai shagon ɗab'i a Kakuri, wanda ya buga mata littafin. Mutum ne mai haƙuri, shekara biyu yana jiran ta kalle shi. Kuma a kwamfutar shagonsa Sylvester ya rubuta sharhin nan, ya tashi ya manta bai rufe shafin ba. Tochukwu ya gani tun a lokacin ya yi shiru, don ba ruwansa. Amma da ya ji ana zancen za a kai gaisuwa gidan Baba Isaac, sai ya ga yanzu da ruwansa.

A makon da aka fitar da littattafai uku da suka kai zagayen ƙarshe, har da Zaren Mama, Sylvester yana ofishin malamai saƙon Hadassah ya shigo.

"Tochukwu ya zo wajen Baba. Ya nuna mana hoton shafin Jan Biro. Ba na son dogon bayani. Kai ne ko ba kai ba ne?"

Ya daɗe yana kallon wayar. Aka kaɗa ƙararrawa, bai ji ba.

"Ni ne."

"Ranar da na ba ka gyaɗa ka sani?"

"Na sani tun da kika miƙe tsaye. Dassa, shafi goma sha biyu kawai na karanta. Hassada ce, ba komai ba. Na kasa gama nawa, sai na huce a kan naki."

"Sharhin zan iya yafewa. Wata huɗu kana kallon idona, ka ci abinci a gaban babana. Baba ya ce kar ka sake taka ƙofar gidansa. Kuma kar ka ƙara ce min Dassa."

Sati biyu bai je taro ba. Ko hanyar Narayi ya daina bi. A aji idan ya ɗauki biro zai yi wa yara maki sai ya ji hannunsa ya yi nauyi. Khadija ce ta kira shi.

"Malam Sylvester, ɓuya ba tuba ba ce. A bainar jama'a ka yi ɓarna, a nan za ka gyara."

Asabar ta gaba ya je. Ya tsaya a gaban mutum kusan arba'in, ya ce shi ne Jan Biro. Ya kira sunan marubuta bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya ya roƙe su gafara, ya faɗi iya shafin da ya karanta a littafin kowa. Wani ya yi tsaki, wata ta ce, "Kai, Malam, ka ji kunya." Ya ce ya ji. Hadassah tana can baya, ba ta ɗago ba.

Washegari ya tafi Kamazou. Bai shiga ba, ya durƙusa a bakin ƙofa cikin rana har Baba Isaac ya fito da sandarsa.

"Ban ce kar ka zo ba?"

"Ka faɗa, Baba. Ban zo neman aure ba. Na zo ne in ce na yi wa Mama ƙarya, kuma na yi maka. Ka yi min duk abin da ka ga dama."

Tsohon ya dogara da sandarsa.

"Ka iya karatu da ƙarfi?"

"Na iya, Baba."

"Ni har yau ban san abin da ke cikin littafin nan ba. Idona ba ya gani, ita kuma da ta fara karanta min sai kuka. Babi goma sha huɗu ne. Duk Lahadi bayan coci ka zo ka karanta min ɗaya. Ban ce na yafe ba."

Haka aka yi. Ya zauna a kan benci a tsakar gida yana karantawa, tsohon yana tsayar da shi. "A'a, ba shuɗi ba ne zanen, kore ne, ta manta." Ko kuma ya yi dariya har da tari, ya ce lallai Lydia ta faɗi haka. Hadassah tana kicin tana buga tukwane da ƙarfi. A Lahadi ta uku ta ajiye ruwa a nesa da shi. A ta shida ta ajiye a kusa. Ranar babi na tara, inda uwar ta sayar da keken ɗinkinta ranar da aka rufe masaƙa ta dawo gida tana waƙa don kada yara su gane, Sylvester ya kasa ci gaba. Sai ya ji an karɓi littafin daga hannunsa. Hadassah ta zauna a ƙarshen bencin ta ƙarasa babin da kanta, har ƙarshe, ba ta tsaya ba.

A Disamba aka sanar da sakamakon gasa. Khadija ce ta zo ta ɗaya, Zaren Mama na biyu. Sylvester ya ji kamar shi ya ja mata. Wata uku bai tura mata saƙo ba, ranar ya tura.

"Ki yi haƙuri. Ina jin abin da na rubuta ne ya cuce ki."

"Ka cika ɗaukar kanka da girma. Alƙalan suna Ostireliya, wa ya san Jan Biro a can? Littafin Khadija ya fi nawa. Na karanta shi har ƙarshe kafin in faɗi haka."

Yana cikin cizon leɓe wani saƙon ya shigo.

"Lahadi ka zo da wuri, Malamina. Zan yi gwate."

Ranar da suka rufe babi na goma sha huɗu, Baba Isaac ya zaro takardar nan daga Littafi Mai Tsarki ya miƙa wa 'yarsa ya ce ta sa a murhu. Sannan ya juya inda yake jin numfashin Sylvester.

"Ɗana, ka gaya wa mutanenka su zo."

An ɗaura aure bayan Ista, a cocinsu na Kamazou. Dangin Sylvester suka cika mota biyu daga Nasarawa. Khadija ta dawo daga tafiyarta da akwati cike da sababbin littattafan marubutan can, ta ware shida ta ba amarya da ango. Tochukwu ma ya zo. Sylvester ya je har inda yake ya riƙe hannunsa ya ce, "Ka yi abin da ni na kasa yi. Na gode." Tochukwu ya ce, "Ka riƙe ta da kyau kawai."

Baba Isaac ya ɗora hannu ɗaya a kan kowannensu. "Ubangiji ya sa albarka a gidanku. Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ya ba ku tsufa tare. Abin da ya wuce ya wuce, ni na yafe, kuma na san da uwarku tana nan da ta riga ni."

Jama'a suka amsa da amin, mata suka rangaɗa guɗa.

A bakin coci mai hoto ya yi ta fama. "Ango! Don Allah ango, ƙasa kake aura ne? Ɗago mana!"

Hadassah ta matse yatsunsa a cikin nata, ta matso daidai kunnensa.

"Ɗaga kanka, Malamina. Mijina ne kai yanzu, ina so kowa ya ga fuskarka."

Ya ɗago.