Kujerar Mahfuz

Ni ne tafinta a majalisar farko da aka yi wa zaɓe a birnin Adan na bakin teku, saboda haka duk maganar da Mahfuz bin Awad ya yi a zauren nan ta bakina ta bi kafin ta isa kunnen Turawa. Mijin ƙanwata Lul ne kuma, tare muka tashi a unguwar Ma'alla. Abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Malamin makaranta ne, siriri, mai kwat guda ɗaya. Yawancin 'yan dakon tashar jiragen ruwa ko ƙuri'a ba su da ita, amma su suka ɗauke shi a kafaɗa ranar da aka faɗi sakamako, don ya yi musu alkawarin famfo. Masu bukkokin gindin dutse ruwa suke saye daga amalanken raƙumi. Ranar da raƙumi bai hau ba, yara su wuni da ƙishi.

A zauren kuwa zaɓaɓɓun 'yan ƙalilan ne, sauran duk ma'aikatan gwamnati ne da attajiran da aka naɗa. Mahfuz zai miƙe ya yi magana har gumi ya jiƙa masa wuya, in juya ta cikin Turanci, Baturen da ke shugabantar zama ya gyaɗa kai ya ce a miƙa wa kwamiti. Haka aka yi ta yi shekara guda.

"Malam, har yanzu famfon ne?" in ji Sheikh Abud, attajiri mai sito-sito a bakin teku, wata rana muna fitowa. "Ka aiko da tulu gidana a cika maka, mu huta. Af, ga alli nan a hannun rigarka."

A unguwa ma bai tsira ba. Yana sauka daga bas sai wani ya ɗaga murya: "Mai girma wakili, ina ruwan? Ko shi ma yana kwamiti?"

Ranar nan muna shan shayi ya dube ni ya ce, "Hamud, tsakaninka da Allah, kana juya maganata daidai kuwa?"

"Har tarin da kake yi ina juyawa."

"To me ya sa in Abud ya yi gyaran murya sai alƙalumma su tsaya, ni kuwa in yi ta haushi?"

"Abud jirage gare shi. Kai allo gare ka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Shi ke nan. Ni ma zan yi jirage."

Kowa a Adan ya san sunan Hizam, ba kuma mai ambatonsa a gaban iyali. Boka ne, kuma wurinsa Mahfuz ya ce zai je. Na yi wa Mahfuz faɗa, na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da 'yarsa Suhaila. Da na ga ba zai fasa ba sai na bi shi. Na ce wa kaina don in hana shi ne. Ƙarya nake yi, so nake in gani.

Da tsakar rana muka shiga filayen gishiri, fari fat har ido na ciwo. Can ƙarshensu akwai wata tsohuwar hasumiyar jan ruwa da iska ta karya wa fukafukai. Cikinta sanyi ne irin na kabari. An jera haƙoran manyan kifaye a bango, da ƙahonin awaki, da madubai an juya fuskokinsu. A tsakiya rami ne cike da baƙin ruwa wanda ba ya motsi. Hizam na zaune a bakinsa, tsoho ne ƙanƙani, leɓɓansa duk a tsattsage.

"Ɗan majalisa," ya ce, tun ba mu yi sallama ba. "Da mai juya masa magana. A nan ba a bukatarka, amma zauna."

Mahfuz ya durƙusa. "Baba, dukiya nake so. Ba don kaina ba. Don in yi magana a ji."

"Kowa haka yake cewa. Ni ba na bayarwa. Masu bayarwa suna nan ƙasa." Ya nuna ramin da haɓa. "Sun gaji da gishiri, masauki suke so. Ka sauke su a gidanka, su arzuta ka, su ci abin da ke gidan."

"Abinci? In abinci ne, kullum a yanka musu."

"Cewa na yi abin da ke gidan."

"Baba, ka fito min a fili."

"A majalisarku a fili ake magana?"

Mahfuz ya ce, "Ban da mutane."

"Ni ban ambaci mutane ba. Kai ka ambata."

Na kama hannun Mahfuz na ce mu tafi. Ya fizge. "Shekara biyu kawai, Baba. Famfon na wucewa in sallame su."

"Shigowa da izininka ce," in ji tsohon. "Tafiya kuwa sai sun so. Ka amince ko ka tashi, rana na yi."

Mahfuz ya amince. Hizam ya jawo baƙin bunsuru daga bayan wata tabarma, ya yanka shi ba bisimilla, jinin ya zuba a ramin. Ruwan da ba ya motsi ya fara tafasa ba wuta. Ya karɓi mabuɗin gidan Mahfuz ya tsoma a ciki, ya sa shi ya ce "ku shigo" sau uku. A na ukun na ji wani abu ya wuce ta gefena kamar mutane sun bi layi. Ya ɗebi ruwan a ƙaramin tulu, ya toshe bakin da kakin zuma, ya ce a ajiye a ƙuryar ɗaki.

Wata bai cika ba wani ɗan kasuwa da zai koma garinsu Bombai ya bar wa Mahfuz kwalekwalensa na kai wa manyan jirage ruwan sha, kusan kyauta. Daga nan abin ya ɓalle. Ya bar koyarwa, ya sayi sito, ya sayi mota, ya ɗora bene a kan gidansa. Ya saye amalanken raƙuman da ke hawa gindin dutse, ya ce don ya rage wa talakawa farashi ne. Sheikh Abud ya fara kiransa "ɗan'uwa". Baturen ya sa shi cikin kwamitin.

Mahaifiyarsa, Umma Barka, ita aka fara ɗauka. Ƙishirwa ta kama ta da safe. Ta sha kofi, ta sha kwano, ta kafa kai a randa, tana kuka tana cewa gishiri ake ba ta. Kafin la'asar ta rasu, leɓɓanta a tsage. Likita ya duba bai ga komai ba.

Na ce masa, "Ka gani?"

"Tsufa ne, Hamud."

Bayan sadakar arba'in maganar famfo ta fito daga kwamiti. Ranar 'yan dako suka bar aiki suka cika bakin titi. Kowa ya san in Mahfuz ya ce i, ta wuce, don yanzu in ya yi gyaran murya alƙalumma kan tsaya. Ya miƙe cikin sabuwar kwat, ya ce shimfiɗa bututu a kan dutse abu ne mai tsada, masu amalanke ma 'yan ƙasa ne da ke da iyali, yana ganin a ƙara nazari.

Ni na juya wannan maganar. Da bakina.

A waje na tare shi. "Don wannan ka kai mu gidan Hizam?"

"Ba ka gane kasuwanci ba. Baɗi ne. In na ƙara ƙarfi—"

"Ka fi haka ƙarfi kuma? Uwarka fa?"

Ya shiga mota ya ja ƙofa.

Suhaila shekararta tara. Ta dawo daga makaranta wata Laraba ta ce wa uwarta tana jin ƙishi. Lul ta riƙe ta a cinya wuni guda tana ɗura mata ruwa, a gidan mutumin da ya fi kowa ruwa a Adan. Bayan mun binne yarinyar Lul ba ta yi kuka ba. Sai ta fara shimfiɗa tabarmi a tsakar gida tana jera faranti inda ba kowa, tana cewa, "Ku yi haƙuri, gidan ya yi mana kaɗan. Yaya Hamud, matsa mana, ka zauna a kan ƙafar baƙo." Ran nan na ɗauke ta na kai ta gidana.

Mahfuz ya koma wurin Hizam shi kaɗai, ya ce a karɓe dukiyar duka. Tsohon ya ce ba ciniki aka yi ba balle a mayar da kaya, baƙin sun saba da gidan, sai dai in wani mai gida zai karɓi tulun ya ce musu su shigo.

Na san haka ne domin washegari da azahar aka ƙwanƙwasa ƙofata. Na leƙa ta tsagar katako, ga Mahfuz tsaye da abu a nannaɗe cikin mayafi.

"Hamud, buɗe. Ajiya ce, kwana biyu kawai. Ka ce min in shigo."

'Ya'yana uku suna cin abinci a bayana.

"Ba ka shigowa, Mahfuz."

"Tare fa muka tashi."

"Shi ya sa ban fito da adda ba. Tafi."

Ya daɗe a tsaye cikin rana, sannan ya juya.

A zamansa na ƙarshe a majalisa ya zo ba kwat, ba takalmi. Ya miƙe ba a ba shi izini ba, ya faɗi komai: hasumiyar, bunsurun, uwarsa, 'yarsa, da dalilin da ya sa ya kashe maganar famfo. Ya roƙe su su wuce da ita a ranar, tun yana da rai. Baturen ya dube ni, na juya masa kalma da kalma. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce da alama wakilin ba shi da lafiya, kuma batun ba ya cikin jerin ayyukan yau. Masu gadi suka fitar da shi. Sheikh Abud yana kallon silin.

A cikin mako guda kwalekwalensa biyu suka nutse a ruwa kwance, siton ya kama wuta, raƙuman suka mutu a turke. Ranar Juma'a maƙwabta suka ji wari suka ɓalle ƙofar gidansa. Yana kwance a ƙuryar ɗaki, tulun a fashe kusa da kansa. Mu biyar muka yi masa salla. Lul ta rayu shekara goma sha tara bayansa, ba ta ƙara gane ni ba.

Na san abin da ke cin ran mutumin da ke da gaskiya ba a jinsa, na zauna kusa da shi shekara guda ina kallo. Amma kai da kake jin an raina ka don ba ka da shi, har ka fara tambayar hanyar gidan irin su Hizam, kana cewa don jama'a za ka yi: ƙarya kake yi wa kanka. Ka shiga gida ka dubi fuskokin waɗanda ke cin abinci tare da kai. Su za ka bayar, kuma ba kai za ka zaɓi na farko ba.