Kare A Saman Rufin Surukata

"Nélida, yau ɗin ma? Yau da za mu gidan surukai kike kwasar kashin kare?"

Mamata ce tsaye a ƙofar gidan dabbobin da nake aiki. Ta toshe hanci da gefen gyalenta, ɗaya hannun kuma riƙe da farar rigar da ta goge min tun da safe.

"Mama, in ban kwashe ba wa zai kwashe? Karnuka tamanin da uku, mu kuma mu uku ne."

"Ina 'yan sa-kan naku?"

"Sun zo jiya. Sun ɗauki hoto da 'yan kwikwiyo, sun yi gaba."

Haka suke, kuma abin yana ƙona min rai. Kowa son kwikwiyo yake, amma da ka miƙa masa shebur sai ya tuna yana da jarrabawa. Doña Zoila, tsohuwar malamar makarantar da ta mayar da filin gadonta a bayan garin Arequipa gidan karnukan da aka yar, ta gaji da roƙon mutane har ta daina.

Shi ya sa Wilber ya shiga raina. Ranar da ya fara zuwa, da kansa ya nemi shebur. Asabar uku a jere yana wanke keji, ko fuska bai taɓa yamutsawa ba. A ta huɗu ya ce Chuño yake so, wani baƙin tsohon kare mai tattararriyar fuska da ya shekara biyu a wurinmu ba wanda ya ko kalle shi.

Ni na karanta masa takardar sharaɗi. Ba ɗauri da sarƙa, ba ajiyewa a saman rufi, hoto duk wata. Ya sa hannu yana murmushi.

"Ko ke aka ba ni da waɗannan sharuɗɗan zan cika su, sarauniyata."

Aikina ne in je in duba gidan kafin a ba da kare. Ban je ba. Ya nuna min falonsu a waya, ni kuma zuciya ta riga ta tafi. Wata takwas kenan, duk wata hoton Chuño yana shigo min: kwance a kan kushin, jikinsa fes.

Mun isa gidan su Wilber da rana tsaka. Doña Eufemia, mahaifiyarsa, ta rungume ni kamar ita ta haife ni.

"'Yata, ashe haka kike da kyau? Zauna, zauna. Ramar nan taki a gidan nan za ta ƙare."

Ta cika min faranti da tattasai mai cushen nama da cuku, ga dankali. Mama sai washe baki take. Tun rasuwar Baba ban ga ta yi dariya irin ta ranar ba.

Na duba ƙarƙashin teburi, na duba kushin ɗin da na sani a hoto.

"Wilber, ina Chuño?"

"Ya... ɗan kawuna ya fita da shi yawo."

Doña Eufemia tana kicin, ba ta ji ba. Da ta fito sai ta kama hannuna.

"Tashi in nuna miki inda za ku zauna bayan biki."

Cokalin Wilber ya faɗi.

"Mama, a bari sai wani lokaci. Rana ta yi zafi."

"Wace rana? Amarya ba za ta ga ɗakinta ba? Taho, 'yata."

Tun a tsakiyar matakalar hawa saman rufi warin ya tare ni. Na san warin keji, da shi nake karyawa kullum, amma wannan daban ne. Zarnin wata da watanni ne da rana ta dafa a kan siminti, haɗe da ɗoyin ciwon da ya ruɓe.

Doña Eufemia ko a jikinta. Ta ture busasshen kashi da takalminta, tana nuna min rodin da suka miƙe a kusurwoyi suna jiran magina.

"Nan falo. Nan ɗakin kwana, tagarsa tana kallon dutse. In Allah ya kawo jikoki sai a ƙara..."

Ban ji sauran ba. A jikin rodin ɗakin kwanan nawa aka ɗaure Chuño, da sarƙar da ba ta kai tsawon hannuna ba. Ba inuwa. Ruwan da ke cikin gwangwaninsa ya zama kore. Sarƙar ta cinye gashin wuyansa ta shiga nama, ƙudaje sun yi baƙi a wurin, kunnuwansa cike da kaska. Da na durƙusa na ɗaga ƙafarsa, tafin ya ƙone ya sale.

Ya shinshina hannuna, sai ya fara kaɗa jela. Na juya na amayar da duk abin da na ci.

"Af, warinsa ne? Kada ki damu," in ji Doña Eufemia tana shafa bayana. "Da magina sun zo za a sake shi a bakin kasuwa. Ba ya ma haushin kirki."

"Mama Eufemia, wa ya kawo shi nan?"

"A ina kare yake zama in ba a sama ba? Dubi can, dubi can." Ta nuna rufin maƙwabta, kowanne da karensa. "Ni ba na cin abinci dabba tana kallon bakina."

Ita ban ji haushinta sosai ba. Haka ta taso ta gani, kuma ba ta ɓoye min komai ba. Wilber na juya na kalla, yana tsaye a bakin matakala kansa a ƙasa.

"Nélida, zuciyata, ki saurare ni. Gidanta ne. Uwata ce. Ranar farko ta ce ko sama ko titi... ya kike so in yi?"

"Ka dawo min da shi."

"Da na dawo da shi, da kin sake kallona?"

"Hotunan fa?"

"In ta tafi coci nake sauko da shi. In yi masa wanka, in rufe wuyan da ƙyalle..."

"Sannan?"

Ya kau da kai.

"Sannan me, Wilber?"

"In mayar da shi."

"Da hannunka? Ka ɗauko shi, ka hau matakalan nan, ka zura sarƙa a cikin ciwon nan, ka sauka ka turo min hoto da kalaman soyayya?"

"Don ke na yi..."

Hannun nan na riƙe, hannun nan ya sa min zobe. Na ji ƙyamarsa, na ji ƙyamar kaina da ban taka na zo ba.

"Ba ni makullin sarƙar."

A aljihunsa yake, tare da makullin babur ɗinsa.

Chuño bai iya taka matakala ba, sai da na rungumo shi. Kafin mu sauka farar rigata ta ɓaci da jini da ƙazanta. Mama ta tare ni a falo, idonta ya cika.

"Nélida, don Allah, don darajar Babanki. Kare ne fa. Ki kai shi ku yi masa magani, amma kada ki kashe aurenki. Ni ba zan dawwama ba, wa zan bar miki?"

"Mama, wata takwas yana kallon idona yana min ƙarya, bai taɓa ƙiftawa ba."

"Duk maza..."

"Baba bai yi ba."

Ta saki hannuna.

Wilber ya biyo ni har bakin titi, ya riƙe ƙofar tasi.

"Ina sonki, Nélida. Wallahi ina sonki."

"Na sani. Shi ma ka ce kana sonsa."

Daga cikin gida Doña Eufemia ta ƙwala masa kira, wai abinci yana hucewa. Ya waiwaya. Ni kuma na ja ƙofar na rufe.

Doña Zoila ba ta tambaye ni komai ba sai da muka gama wanke ciwon, muka cire kaska, Chuño ya sha ruwa ya kwanta a inuwa. Sannan ta ɗauko littafin da muke rubuta sunayen waɗanda ba za a sake ba su dabba ba, wanda ake aika wa duk gidajen dabbobin garin.

"Cikakken suna?"

"Wilber Anselmo Huamaní Zeballos."

Ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Satin da ya wuce na haddace shi, don cika takardun ɗaurin aure.

Ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau.

"'Yata, in rubuta, ko mu bari sai gobe?"

Na karɓi biron daga hannunta. Ina rubutawa hawaye yana ɗiga a kan takardar, tawada ta baje, har sai da na sake rubuta sunan a layi na ƙasa don kowa ya iya karantawa.