Karen da Dakta Ya Hana Alhaji

Ku yi haƙuri da ƙarfin halina. Karatu kawai na iya, ban taɓa rubuta labari ba. Labarin Su'ad ne, 'yar maƙwabtanmu a Ƙofar Jatau.

A Wusasa ta fara ganin Dakta Zailani, likitan dabbobi, ranar da ta raka mahaifinta Alhaji Lawal sayen kare. Sau biyu ɓarayi suna haura musu katanga, Alhaji ya ce sai ya ajiye babban mai gadi.

Ya nuna wani jibgege mai gashi buzu-buzu. "Wannan nake so."

"Alhaji, yara nawa ne a gidan?" in ji Dakta.

"Jikoki bakwai. Ina ruwanka?"

"To ba zan ba ka shi ba. Irin da ake kira Kokeshiyan ne, wannan kuwa ba ya yarda a matso kusa da kwanonsa, ga zafin Zariya na ƙara masa fushi. Ga wata karya irin Alseshan mai sanyin hali, cikin yara ta tashi."

"Kare na zo saya ko tunkiya?"

Su'ad ta rufe baki da mayafi tana dariya. Dakta ya kalle ta, ya manta abin da zai ce. Alhaji ya fice a fusace, ita kuwa ta ɗauki katin Dakta daga kan tebur.

Bayan la'asar ta tura saƙo: "Dakta, yaya sunan tunkiyar?"

"Natsuwa. Mai tambayar fa? Tun safe dariyarta nake ji."

Daga nan kullum da yamma sai ta hau soro ta zuba wa dutsen Kufena ido, don ta san Dakta yana can gindinsa, suna hira ta waya.

"Tauraruwata, me kike kallo?"

"Unguwarku, Daktana. Hadari ya rufe ta, ka shiga ciki."

Da maganar aure ta isa kunnen Alhaji, ya ce, "Wanda ya ce min a'a a gaban mutane? Wanda karnuka ke lasar hannunsa? Ba 'yata ba."

Suhaib, ɗan ƙanensa, wanda shi ma yake son Su'ad, ya ga dama ta samu. Don ya burge Alhaji, ya sayo irin karen da Dakta ya hana daga Kaduna, aka ɗaure a tsakar gida. Kwana na uku Hanan, jika 'yar shekara uku, ta je saka masa ƙosai a kwano. Ya zaburo ya cafki gefen rigarta. Sarƙa ce ta tare shi. A gaban Alhaji aka yi.

Washegari Alhaji ya tafi Wusasa shi kaɗai. Ya tarar Dakta ya wanke hannu tas, ya sauya kaya zai yi azahar. Suka yi salla tare.

"Tunkiyar nan tana nan?"

"Tana nan, Alhaji. Amma sai na zo na ga inda za ta zauna, nesa da wurin salla da randar ruwa. Kuma sai na koya wa yaran yadda ake tunkararta."

"Kai dai ba ka iya cewa to kawai ba?"

Dakta ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya sa takalmi. "In za ka zo, ka taho da magabatanka. Kada a yi tafiya biyu."

Ba a daɗe ba, wata rana bayan sallar Juma'a aka ɗaura auren. Alhaji ya riƙe hannun ango ya daɗe yana sa albarka. A ciki Su'ad na kuka tana murmushi, ƙamshin turaren wuta ya cika gidan, mata na guɗa. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.

Ni ina bakin ƙofa da littafina cikin hijabi. Da na ji an fara neman 'yan matan da za su yi hoto, kunya ta kama ni, na lallaɓa na ɗauki takalmana a hannu, na bi ta lungu.