Ƙwan Zabuwar Tasallah

A can wani zamani, a wani ƙauye, an yi wata yarinya mai suna Tasallah. Zabuwa ɗaya tal gare ta, ita ma muzuru ya cinye. Abin da ya rage mata ƙwai tara ne a cikin ciyawa, duk sun ɓaci da laka da kashi.

Tasallah ta kwaso su tana hawaye. Kazar kakarta, Iya Kuluwa, tana kwanci, don haka Tasallah ta ɗebo ruwan randa za ta wanke su ta sa wa kazar.

Iya ta riƙe mata hannu. "Kul, 'yar nan. Ƙwai ta ɓawonsa yake numfashi, ruwan sanyi tura dattin zai yi ciki. Hannunki za ki wanke, ba ƙwan ba."

Tasallah ta wanke hannu da sabulu, ta karɓi busasshen tsumma mai tsabta. Ta goge na farko a hankali. Ta goge na biyu a hankali. Ƙawayenta suka kira ta gaɗa, ta ce su je, tana nan tana gogewa a hankali. Da ta kai na tara, sai ta ga ya tsage.

"Wannan fa, Iya?"

"Cire shi. In ya ruɓe, 'yan'uwansa zai kashe."

Ta daɗe tana juya shi a hannu kafin ta ajiye shi gefe. Sauran takwas ɗin ta sa wa kazar.

Bayan kwana ashirin da takwas, 'yan zabi takwas suka fito. Tasallah ta ɗauki ɗaya, ta durƙusa gaban kakarta.

"Iya, wannan naki ne. Allah ya saka miki da alheri."

Iya ta miƙo hannu tana murmushi, sai Tasallah ta ɗan janye.

"Amma Iya, kin wanke hannu?"